Kirsimeti da Tsohon Ciki: Abubuwan Mamaki Daga Zariyar Maraɗi

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da maƙwabtanmu Kirista a nan unguwar Zariya ta Maraɗi, kuma bana shiri biyu suke yi a haɗe: na Kirsimeti, wanda bakin mutanen nan ya fi sabawa da kiransa Nowel, da na haihuwa. Matar ɗansu ta shiga watanta. Tun farkon Nuwamba tela ya auna ta don ɗinkin anko, da aka karɓo kaya a tsakiyar Disamba riga ta ƙi wuce ciki. Ina tsakar gidan, surukarta ta ce mata: "Ɗiyata, ninke ta ki ajiye sai ranar suna. Ɗaura zane ki yafa gyale, Allah dai ya raba lafiya." Daga ranar na shiga tattara abubuwan da suka haɗa wannan biki da haihuwa, na gida da na nesa, sai na tarar suna da yawa.

Na fara da lissafin da ya fi kama hankalina. Jaririn da ya zo duniya ran 25 ga Disamba, yaushe ne sunansa a al'adarmu? Ranar da ta zagayo, 1 ga Janairu. To haka yake a kalandar coci. Linjilar Luka ta nuna a rana ta takwas aka yi wa Yesu, wato Annabi Isa (AS), kaciya, aka kuma raɗa masa suna. Ranar da gari ke ɗauka da murnar sabuwar shekara, a lissafin coci ranar suna ce.

A ci gaba da ƙirga har kwana 40, za a sauka kan 2 ga Fabrairu. Ranar ce Katolika ke tunawa da kai jaririn Haikali a Urushalima, bayan mai jego ta yi arba'in. Dokar Musa, a sura ta 12 ta Littafin Firistoci, ta yanka wa mai jego kwana 40 in namiji ta haifa, 80 in mace ce. Ta ce a kawo ɗan rago, wanda ba shi da hali kuma ya kawo kurciya biyu ko ƴan tattabaru biyu. Maryamu da Yusufu tsuntsaye suka kai. Wannan ya taɓa ni, don na san magidanta da yawa da ragon suna ke jefawa cikin bashi, alhali a Musulunci ma mai hali aka ɗora wa.

A koma baya wata tara daga 25 ga Disamba: 25 ga Maris, ranar da coci ke tunawa da bisharar da Mala'ika Jibrilu ya kawo. Ranar haihuwar Yahaya ɗan Zakariya kuwa 24 ga Yuni aka sa ta, don Luka ya ce cikin mahaifiyarsa na da wata shida lokacin da bisharar ta zo wa Maryamu. Kalandar gaba ɗaya lissafin ungozoma ce.

Sai dai babu Linjilar da ta faɗi ranar haihuwar ko watanta. Rubutu mafi tsufa da ya nuna ana bikin ran 25 ga Disamba na birnin Rum ne, na shekara ta 336. Har yau Habasha da Kibɗawan Masar sai 7 ga Janairu suke nasu, cocin Armeniya kuma 6 ga wata. Jakin nan da ake zanawa ɗauke da Maryamu, ba a ambace shi ba. Masu hikimar da suka zo daga gabas, ba a ce su uku ne ba. Kyaututtukansu ne uku. Tafiyar kuwa daga Nazarat zuwa Baitalami ta kai wajen kilomita 140 in an bi ta kwarin Urdun, wato ta fi daga Maraɗi zuwa Tasawa, ga tsohon ciki. Duk macen da ta taɓa hawa kabu-kabu a wata na tara ta san nauyin wannan magana.

Sunan garin ma abin dubawa ne: a Ibrananci Baitalami na nufin gidan gurasa, a Larabci kuma Baitu Lahm, gidan nama.

Ran 18 ga Disamba mu a Nijar bikin Jamhuriya muke yi, tun daga 1958. A Sifaniya ranar ta masu ciki ce. Tun ƙarni na 7 suke da idin jiran haihuwar Maryamu a wannan rana, akwai sassaƙe-sassaƙenta da tsohon ciki a majami'unsu, mata masu juna biyu kan je neman a yi musu addu'ar sauka lafiya. Addu'o'in makon duk da harafin O suke farawa, shi ya sa ake samun mata masu suna Mariya ta O.

Wanda ya ga Disambar 2015 a garin nan ba zai manta ba. Ran 18 aka yi bikin Jamhuriya a nan, wato Maraɗi Kwalliya, gari ya cika ya batse. Mako bai cika ba Mauludi ya zo, Kirsimeti na biye da shi dab da dab. A shekarar sau biyu aka yi Mauludi, ɗaya a farkon Janairu ɗaya a ƙarshen Disamba, saboda shekarar wata ta gaza ta rana da wajen kwana 11. Haka ƙaramar Sallah ta faɗo a makon Kirsimeti a 2000, Babbar Sallah kuma a ƙarshen Disambar 2006. Sai an yi wajen shekara 33 kafin kowanne ya sake zagayowa.

A Meziko dare tara ake yi, daga 16 zuwa 24 ga Disamba, ana bi gida-gida da yara biyu a matsayin Maryamu da Yusufu suna neman masauki. A hana su a nan, a hana su a can, sai gida na ƙarshe ya buɗe ƙofa a ci a sha. Dare tara, wata tara na ciki. A Filifin ma kwanakin tara ne, amma da asuba suke cika coci. A Folan kujera guda ake bari babu kowa a teburin jajibiri, saboda baƙon da ba a san da zuwansa ba.

Ɗan hoton nan na garke da komin dabbobi da Katolika ke shiryawa, wanda ake danganta yaɗuwarsa da Faransis na Asisi a ƙauyen Greccio na Italiya a 1223, yana da wata ƙa'ida: ana jera kowa da komai tun farkon wata, amma komin a bar shi wayam sai daren 24. Da na ji haka sai na tuna da iyayenmu da ba su yarda a baje kayan jariri a fili ba tun bai iso ba. A gidan maƙwabtan namu ma akwatin yana ƙarƙashin gado, a rufe.

Ta ɓangarenmu Musulmi, Nana Maryam ce kaɗai macen da Alƙur'ani ya kira da sunanta, har sau 34, kuma sura ta 19 sunanta take ɗauke da shi. A can aka ba da labarin naƙuda ta kai ta gindin dabino, aka umarce ta ta girgiza shi nunannu su zubo, ga ruwa na gudana kusa da ita. A 2011 likitoci a wata jami'ar ƙasar Jodan suka wallafa gwajin da suka yi da mata 69 da suka riƙa cin dabino shida kullum a makonni huɗu na ƙarshen ciki. Da aka gwada su da waɗanda ba su ci ba, sai aka ga naƙudarsu ta fi tasowa da kanta, buƙatar ruwan naƙuda kuma ta ragu. Gwajin ƙarami ne, mai ciwon suga kuma sai ta tambayi likita. Ni dai na auno wa matar ɗan maƙwabtan namu rabin tiya na dabinon Agadas na miƙa ta kan katanga.

A Baitalami ta yau, tafiyar ƴan mintuna daga majami'ar da aka gina a wurin haihuwar, akwai asibitin haihuwa na Iyali Mai Tsarki. Daga 1990 zuwa farkon 2023 an karɓi haihuwa 100,000 a cikinsa, akasarin iyayen kuma Musulmi ne. Kusa da nan akwai wani kogo mai farin dutse da ake kira Kogon Nono, inda mata Kirista da Musulmi masu neman haihuwa ko ruwan nono suka daɗe suna zuwa.

Mu dawo gida. Kirista ba su kai ɗaya cikin ɗari na mutanen Nijar ba a ƙidayar 2012, amma 25 ga Disamba ranar hutu ce a ƙasa baki ɗaya. Ƴan mishan na SIM sun fara zama a Damagaram a 1924, kafin shekarun 1920 su ƙare sun kafa tasha a Tsibirin Gobir, daga baya Maraɗi da Jiratawa. Ke nan Tsibiri ta riga birnin Maraɗi ganin bikin Kirsimeti na ƴan ƙasa. Asibitin Galmi ya buɗe a 1950, na kutare a Danja a 1956, kuma a Danjar aka buɗe cibiyar gyaran yoyon fitsari a 2012, ciwon da doguwar naƙuda ke jawowa. Katolika kuwa sun mai da Maraɗi mazaunin bishop a 2001, Ambroise Ouédraogo ɗan Burkina Faso ya fara riƙewa. Yankin nasa ya haɗa jihohin Maraɗi, Tawa, Damagaram, Difa da Agadas, wato ya fi Najeriya gaba ɗayanta faɗin ƙasa.

Littafi Mai Tsarki da ake karanta labarin haihuwar a cikinsa da Hausa ya fara fita cikakke a 1932, kuma babban wanda ya yi wahalarsa shi ne Dokta Walter Miller, wanda ya yi shekaru a ɗaya Zariyar, ta Zazzau. Takwarar unguwarmu ke nan.

Ba zan tsallake wannan ba: a watan Yunin 2019 an cinna wa wata majami'a wuta a unguwar nan tamu. Abin ya yi mini ciwo a lokacin, yana kuma yi mini har yanzu. Shi ya sa kwanon shinkafar da ke tsallaka katanga ran Kirsimeti, da na naman layya da ke komawa ran Sallah, ba ƙaramin abu ba ne a idona. Duk shekara da sassafe dattijon gidan kan leƙo ya ce wa maigidana: "Malam, a taimaka mana da yanka." Da gangan suke yi, don kowa a layin ya ci ba tare da ɗar-ɗar ba. Kaji ne da zabbi, shekarar da aka samu kuma jar akuyar Maraɗi.

Suna fa? Bahaushe ya saba sa wa yaro sunan lokacin da ya zo: Azumi da Ɗan'azumi, Tasalla da Sallau, Anaruwa, Ladi da Ɗanladi. Masu jin Faransanci suna da Nowel ga namiji da mace, kuma Nataliya da Natasha duk daga kalmar Latin ta ranar haihuwa suka fito. A gidajen Kiristan Maraɗi za ka ji Immanuwel, Bulus, Rifkatu, Saratu, Alisabatu. Maryama kuwa ta kowa ce. A kira ta a bakin famfo, mata uku za su waiwayo, ba mai iya cewa wacce ke zuwa coci wacce ke zuwa Islamiyya.

Cikin waɗanda aka haifa ran 25 ga Disamba akwai Anwar Sadat na Masar a 1918, da Muhammad Ali Jinnah a 1876, wanda saboda shi ranar ta zama hutu a Pakistan. Akwai kuma Isaac Newton a 1642, bisa tsohuwar kalandar Ingila. Bai cika watanninsa ba aka haife shi, ɗan mitsitsi, mahaifinsa ya rasu wata uku kafin nan, ba a sa ran zai yi kwana ba. Ya shekara 84. Uwar bakwaini ta riƙe wannan.

A Amurka, in an cire 29 ga Fabrairu, babu ranar da haihuwa ta fi ƙaranci kamar 25 ga Disamba, don likitoci ba su sa ranar tiyata ko ta tayar da naƙuda a cikin hutu. A Ingila ranar da aka fi haihuwa ita ce 26 ga Satumba, wata tara bayan hutun. A nan babu ranar da ɗakin haihuwa ke hutawa: binciken 2012 ya ba macen Nijar ƴaƴa 7.6 a tsakaice, ta jihar Maraɗi sama da 8.

Itacen Kirsimeti na Turai an zaɓe shi ne don yana kore lokacin da sauran suka kaɗe. Mu ma muna da irinsa, gawo. Da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar, ya ba gero wuri lokacin noma, ya ba dabbobi inuwa da ƴaƴa lokacin da ciyawa ta ƙare. Kuma a nan Maraɗi ne wani ɗan mishan na SIM, Tony Rinaudo ɗan Ostireliya, ya lura a 1983 cewa kututturan da ke gonaki suna da rai, gyaran tohonsu kawai suke jira. Manoma suka kira abin sassaben zamani. An ƙiyasta itatuwa miliyan 200 suka dawo a kan hekta miliyan 5. Wanda ya bi hanyar Tsibiri a Disamba ya ɗaga kai ya duba.

Kyaututtukan nan uku na masu hikimar gabas, zinariya da lubban da mur, biyu daga ciki ƙaron itace ne, kuma danginsu na dajinmu. Hano ɗan'uwan itacen lubban ne, dashi da ake shinge da shi ɗan'uwan na mur. Ɗakin mai jego a ƙasar Hausa bai taɓa rabuwa da turaren wuta ba, don haka tsohuwar da ta ji an kai wa jariri turare ba za ta yi mamaki ba.

Da yamma yaran gidan kan yi gwajin wasan da za su nuna a coci. Wata ƴar shekara tara ta cusa matashi a ƙarƙashin zane tana tafiya tana dafe ƙugu, daidai yadda take ganin matar yayanta na yi, ƙanenta na biye da sandar makiyaya da rawanin tawul. Matan zumunta kuma suna gefe da tulunsu na kiɗa suna bitar waƙoƙi. Su ne za su fara sallama ranar barka, da sabulu da turmin atamfa, kamar yadda matan layinmu za su shigo da nasu. Da cikin fari ne, da tuni mai cikin tana gidan iyayenta goyon ciki, miji ya ci shinkafar biki shi kaɗai. Wannan al'ada ba ta tambayi addinin kowa ba. Na biyu ne, shi ya sa take ɗakinta.

Yanzu ga wanda na fi so a karanta da kyau. An riga an sayo itacen wankan jego an jibge a bayan ɗaki, ga babbar tukunya, ga kanwa. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun bi mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa. A lokacin wajen mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu a yankin na kamuwa, adadin da ba a ga irinsa ba a duniya. Suka danganta abin da yawan kunun kanwa, da wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, da kwanciya kan gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi. Binciken da aka yi daga baya a Yamai da Kano ya ƙara da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam a jini, da talauci, da hawan jini. Ba cewa nake a bar wanka ba, ruwan ɗumi da ganyen bedi na warware jiki. Amma ruwan da ke sa fata ta saluɓe ba gata ba ne, kanwa kuma gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. Mai jegon da ƙafarta ta kumbura, take haki, ko tari ya hana ta kwanciya sai a zaune, ba sanyi ne ya shige ta ba. Asibiti za a kai ta a ranar.

Sanyin kansa gaskiya ne. Daren Disamba da Janairu a Maraɗi na sa haƙora kaɗawa, jariri sabon haihuwa kuma ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa. Maganin da ya fi kowanne araha shi ne a kwantar da shi a ƙirjin uwa, fata da fata, a sa masa hula, a lulluɓe su tare, a kuma jinkirta wankan farko zuwa washegari. Kaskon gawayi a ɗaki rufe kuwa yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum cikin barci. A ɗumama ɗaki, a fitar da kasko, sannan a rufe ƙofa.

Zogalen Jiratawa na shigowa kasuwa ɗanye shar ko a tsakiyar rani, albarkacin noman ban-ruwa. Kwaɗonsa da ƙuli-ƙuli ya fi wa mai ciki da mai shayarwa amfani a kan kwalaben lemon da za a jera ranar biki.

A dokar Nijar tiyatar haihuwa kyauta ce tun 2005, awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar tun 2006, kuma akwai Cibiyar Lafiyar Uwa da Yaro a cikin garin nan. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 take cewa mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas kafin ta sauka.

Roƙona ga duk gidan da ke da mai tsohon ciki a wannan wata, na Kirista ne ko na Musulmi: ku ɗauke mata daka da tsayuwar murhu ranar biki, ko ta ce za ta iya. Katin awo ya kwana a cikin jaka tare da zannuwa masu tsabta. A ware kuɗin mota daga kuɗin kaji tun yanzu, a karɓi lambar mai adaidaitan da zai ɗaga waya da tsakar dare. In ta ga jini, ko faya ta fashe, ko ciwon kai mai tsanani ya taso da jiri, ko ta ji motsi ya ragu, a bar tukunya a kan wuta a tafi, mu maƙwabta za mu sauke.